Faifai Tara a Cikin Likkafani

"Ba ni mabuɗin, ya abuya," in ji ɗan ga ubansa.

"Na ce ba ka samu."

"Mutum yana kwance tun hantsi, an gama yi masa wanka, kai kuma ka kwanta a kan yadi kamar kaza a kan ƙwai! Haram alek!"

"Wa kake ɗaga wa murya, ɗan banza?"

Bulo ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Baba Mailafiya, kuma a gidan hayarmu na unguwar Hindawiyya a Makka ko tari mutum ya yi maƙwabcinsa sai ya ce masa sannu. Wani abu mai nauyi ya bugi bangon har fulasta ta zubo cikin shayina. Sai ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe: ana dukan kwado.

Ga abin da ya faru. Da safen nan Tijjani mai ɗinkin takalmi, na hawan sama, ya rasu, ana so a kai shi Harami a sallace shi bayan La'asar. A al'adar mutanenmu na nan, wanda ke da likkafani a ajiye shi ke bayarwa, daga baya a mayar masa da wani. Ba a cewa a'a. Duk unguwa an san Baba Mailafiya yana da nasa, wanda ya wanke da Zamzam ya shanya da hannunsa shekara talatin da suka wuce, ya kulle a akwatin ƙarfe. Sai aka aiki ɗansa Abdulƙuddus, direban tasi, ya karɓo. Tsoho ya hana.

Ni kaɗai a gidan na san dalili.

Issoufou ne sunansa na yanka, ɗan Maraɗi. Mailafiya kuwa ba'a ce ta tun ƙuruciya, don bai taɓa barin faɗa ya wuce shi ba. Yanzu ya haura saba'in, siriri, yatsunsa duk tabon dalma. Gyaran rediyo da lasifika yake yi a ɗakinsa, ba shago, ba igama, wato takardar izinin zama. Rabin lasifikokin masu tallan turare na Aziziyya sun bi ta hannunsa. Yana sallah a sahun farko, ba ya gaisuwa mai tsawo, kuma na taɓa ganin ya jefi wani mai kawo gyara da filaya saboda ya ce sautin "duk ɗaya ne".

Wannan jifa ce ta haɗa mu. Na yi dariya, ya harare ni, ya ce, "Kai ɗan Kano, kana da kunne ko ado ne?" Bayan kwana biyu ya kira ni, ya sa sakata, ya ɗaga matattun rediyoyi uku daga kan benci. A ƙarƙashinsu akwai garmahon da ya harhaɗa da kansa. Ya buɗe akwatin, ya warware farin yadin ninki bayan ninki. Faifai tara ne a ciki, kowanne cikin kwalinsa. Hotunan jikin kwalin kamar an zuba fenti a rana ya narke: fuskokin Turawa masu gashi buya-buya, furanni, ido a tsakiyar gajimare, rubutu mai lanƙwasa da ba ya karantuwa.

Ya sa mini abin ji a kunne, ya sauke allura.

Ban san me zan kira shi ba. Jita ta fara kuka kamar ana yaga kwano. Ta taso daga kunnen hagu, ta ratsa tsakiyar kaina, ta sauka a na dama. Ganga ta shigo, ta ɓace. Wata garayar Indiya ta yi ta gunaguni a ƙasa, muryoyi uku suka hau juna, sannan kiɗan ya koma yana tafiya da baya kamar ana zuƙe shi. Na kai hannu zan cire, ya buge mini hannu.

"Ba a ɗaga allura a tsakiya. Fuska guda tafiya guda ce. Wanda ya jera waƙoƙin nan ya san mi ya sa ta huɗu take bayan ta uku."

A ranar ya ba ni labarinsa. Yana ɗan shekara sha shida aka kai shi Sabon Garin Kano koyon gyara. Wani gidan rawa ya kawo na'urar ƙara sauti da faifai sabo daga Ikko don gwaji. Da ya ji jita tana karcewa, sauti yana gudu daga wannan lasifika zuwa waccan, sai ya ce waya ce ta saki. Kwana uku yana kwance na'urar mutane yana neman cutar da babu, har ya ƙone ta. Maigidansa ya ɗaure shi a ƙafar benci ya zane shi da wayar wuta, tabon yana bayansa har yau. Yana dukansa yana cewa, "Jaki! Haka suka yi shi! Da gangan!"

"Dukan bai dame ni ba," in ji Baba. "Maganar ce ta hana ni barci. Mu ana koya mana kashe ƙara, wasu kuma can sun zauna sun mai da ita waƙa."

Faifan ba nasa ba ne. Na abokinsa Lurwanu ne, wanda ya tara su ɗaya bayan ɗaya daga hannun masu zuwa Ikko. Wata rana Lurwanu ya sha ya bugu, ya ja allura a kan wanda Issoufou ya fi so, ƙiiii, daga baki har tsakiya, yana dariya. Issoufou ya fasa kwalba ya soka masa a fuska. Idon hagu ya tsiyaye a kan rigarsa. Kafin gari ya san abin da ake ciki Issoufou ya kwashe faifan tara ya bi ayarin masu tafiya hajji ta Chadi da Sudan.

Mutane suna cewa tuba ta kawo shi. Shi kuma yana cewa amana yake riƙo, duk shekara yana zaga masaukan alhazan Kano yana duba mai ido ɗaya. Na tambaye shi kai tsaye, "Baba, in ka gan shi za ka ba shi?" Ya daɗe yana goge allura da ɗan yatsa. Na kuma tambaye shi don me likkafani. Ya ce yadi yana tare zafin Makka kada faifai ya lanƙwashe, kuma marigayiya matarsa Sa'adiya tana tsoron taɓa shi. Duk gaskiya ne. Amma ni ina ganin mutumin ya haɗa abin da ya fi so da abin da ya fi tsoro a wuri ɗaya ne, don kada ya taɓa jin ɗaya ba tare da ya taɓa ɗayan ba.

Kwadon ya ɓalle lokacin da nake isa ƙofarsu.

Abdulƙuddus ƙato ne, haihuwar nan, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Sifanar taya na hannunsa. Uban ya rungume akwatin, Abdulƙuddus ya ture shi da kafaɗa ɗaya, tsoho ya faɗa kan rediyoyi. Ɗan ya fizgo yadin da ƙarfi, faifan suka watse a ƙasa, ɗaya ya yi ta gangarawa har ya buya a ƙarƙashin gado.

Ya tsaya yana kallon hoton wata mata mai furanni a gashi.

"Esh hada? Mene ne wannan?"

"Kada ka taka."

"A cikin likkafani? Yadin da za a kai ka gaban Allah da shi?" Ya juyo ya kalli ubansa. "Ranar da ummi take jinya, ka kulle kanka a nan ka ce aiki kake. Ina buga ƙofa ba ka ji. Wannan ne aikin?"

A nan na gane ba Tijjani ne ya kawo wannan fushin ba, ba kuma tsoron Allah kaɗai ba. Yaro ne da ya shekara ashirin a bakin ƙofa yana bugu.

Ya ɗaga sifanar ya sauke. Faifai ba ya fashewa kamar tangaran, tsagewa yake yi da wata ƙara busasshiya. Na farko. Na biyu. Baba ya yi wani ihu da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ya rarrafo ya kama ƙafar ɗansa ya gantsara masa cizo a ƙwauri. Abdulƙuddus ya yi ƙara ya shure shi, bakin tsoho ya fashe. Na kama hannun mai sifana, ya wurgar da ni na bugi ƙofa har na ga taurari. Ya ci gaba da duka, yana taka waɗanda sifana ta rasa, yana zagi da Larabci, yana kuka. Mata sun cika matakala suna salati, wani yana cewa a rufe ƙofar gida kada hayaniya ta jawo masu tambayar takardu.

Ban ga lokacin da Baba ya ɗauki ɓallen faifai ba. Na dai ga ya miƙe tsaye, baƙin abu mai tsini a hannunsa, ya kai sara sama.

Jini ya wanke rabin fuskar Abdulƙuddus. Ya saki sifanar, ya dafe idon hagu, ya durƙusa.

Baba ya kalli hannunsa. Ya kalli ɗansa. Leɓensa yana motsi, na matsa kusa, sai na ji sunan da yake kira ba na ɗan ba ne.

"Lurwanu. Lurwanu."

Sai ya faɗi a gwiwa, ya ɓamɓare yatsun yaron daga fuskar da ƙarfi. "Buɗe! Buɗe in gani, don ubanka!" Idon ya buɗe cikin jini, yana nan, yana kallonsa. Girar ce ta rabe biyu har ƙashi. Baba ya jawo likkafanin, ya sa haƙori ya yage shi, ya naɗe kan ɗansa, ya sake yagowa ya ƙara. Farin yadin shekara talatin ya rine ja tun yana hannunsa. Daga matakala wata tsohuwa ta ce ita tana da nata, a zo a ɗauka, kada La'asar ta kuɓuce wa Tijjani.

Ni zan tuƙa tasin zuwa asibiti. Baba ba zai iya bin mu ba, can ana tambayar takarda. Muka sauko da Abdulƙuddus, bai waiwayi ubansa ba, na zaunar da shi a kujerar baya, na koma sama ɗauko mabuɗin mota da ya faɗi wurin kokawa.

Na sami tsohon a bakin ƙofa, ƙafafunsa cikin baƙaƙen ɓaraguzai, jini yana ɗiga daga gemunsa. Ya ciro wanda ya buya a ƙarƙashin gado. Yana riƙe da shi ta gefe da gefe da tafin hannu, yadda ya koya mini. Da haske ya faɗa a kai sai na ga dogon karcen nan daga baki har tsakiya.

Ya miƙo mini mabuɗin. Ya kama hannun rigata.

"In an gama ɗinkin, ka ce masa saura guda. Ka ce ya zo, ba zan sa sakata ba. Ya zauna ya ji fuska ɗaya har ƙarshe, kada ya ɗaga allura. In ya ji ya ce ba komi a ciki, ni da kaina zan miƙa masa sifanar."