Kawu Isiyaku da Gonar da Ya Ara wa Nomau

Shekara bakwai ke nan rabona da Ƙarfi. Ina nan Faransa ina aiki a wani ɗakin binciken magunguna, kuma nan labarin rasuwar Kawu Isiyaku ya iske ni, ba ma daga bakin ɗan'uwa ba. Emeka ne ya kawo shi, ɗan wata mai sayar da yadi a kasuwar Funtua, haihuwar can, da ke karatu a garin da nake. Ya dawo daga hutu ya same ni, ya ce, "Garba, ya haƙuri?" Na ce haƙurin me? Ya ce, "Au, ba su gaya maka ba? Ai har an yi sadakar arba'in." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Manomin auduga ne, mutum mai ƙarancin magana. Ba ya cin abinci a gona sai 'yan ƙwadago sun ci. Ranar kai auduga awo, wasu kan yayyafa mata ruwa ko su cusa dutse a buhu don ta yi nauyi. Na taɓa tambayarsa me ya hana mu yin haka, ya ce, "Dutsen nan da kake so mu sa, wani bawan Allah ne zai ɗauke shi a ka."

Babban amininsa shi ne Nomau, Bamaguje, maƙwabcinsa na gona. Shekarar da ruwa ya cinye gonar Nomau, Kawu ya yanki gefen fadamarsa ya ara masa, bai taɓa tada zancen karɓa ba. In sun haɗu da safe Kawu kan ce, "Yau ma giyar ce ta kwantar da kai?" Nomau ya ce, "Ni? Ai na gama kunya biyu kana can kana jan carbi, Malam." Su yi dariya, kowa ya kama fartanyarsa.

Ga abin da Emeka ya ba ni labari, wanda ya fi rasuwar ƙona mini rai. Ƙari ne ya fito wa Kawu a wuya. Ɗansa Hamisu ya kai shi babban asibiti, aka ce ciwon daji ne, aka fara yi masa allurai. Ƙarin ya saɓe har Kawu ya koma gida yana zagaya gona. A wannan damina Nomau ya tattaro 'ya'yansa da ƙannensa suka yi masa gayya, suka nome gonar tas. Bayan kaka ƙarin ya dawo. Aka koma asibiti, aka yi allurar nan dai ta farko, ba ta yi komai ba. Likita ya ce a kai shi gida.

Sai gari ya ɗauka cewa maganin da ya ci jiya ba zai ƙi ci yau ba sai da hannun wani. Wa ya shiga gonar tsakanin samun sauƙi da dawowar ciwo? Nomau. Wai ranar gayya ya binne wani abu don fadamar ta zama tasa. Da ya zo gaisuwar mutuwa aka hana shi shiga zaure, ya zauna gindin ɗorawa har yamma shi kaɗai. Matarsa ta kai daddawa kasuwa ta dawo da ita, ba wanda ya saya. Yanzu kuma Hamisu ya ce kafin ruwa ya sauka Nomau ya bar musu gonar.

Hamisu, kai nake wa magana, da duk wanda za a karanta wa wannan. Ni ba likita ba ne, amma aikin da nake ci da shi ke nan kullum. Ciwon daji yakan koyi magani. Allurar farko takan kashe ƙwayoyin ciwon masu rauni, waɗanda suka tsira su hayayyafa, su kuwa sun iya tofar da maganin waje kafin ya yi musu lahani. Kawu da kansa ya ga irin wannan a gonarsa. Kun manta yadda yake cewa, "Feshin nan da ya zo ya kashe tsutsa, yanzu wanka take yi da shi"? Wa ya yi wa tsutsar auduga sammu?

A inda nake aiki muna ƙulle maganin cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwanso da ido ba ya gani, don ya shige cikin ƙwayar ciwon a ɓoye, sai ya isa can ciki ya kwance, ta kasa tofar da shi. Da ciwon ba ya bijire wa magani, da masu binciken nan ba su ɓata shekaru a kan wannan ba. Nan babu Nomau, babu fadama, amma abin da ya faru da Kawu yana faruwa da Turawa a gadajen asibitinsu. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, aikin bai wuce gwaji a kwalba da jikin ɓeraye ba. Ko da kun sanar da ni, ba ni da abin da zan aiko ya tashe shi. Abin da zan iya shi ne in gaya muku wannan tun yana da rai, kun kuwa hana ni, wai kada a tada mini hankali.

Ban manta wahalarka ba, Hamisu. Kai ka kwana a barandar asibiti, ni ina nan. Likitan ma yana da nasa alhakin, da ya ce a kai shi gida bai tsaya ya ce ga dalili ba. Amma baƙin ciki bai ba ka izinin ƙwace abin da ubanka ya bayar da hannunsa ba. Mutumin da ya nome muku gona kyauta ku saka masa da sunan maye? Ka tashi da ƙafarka ka je gidan Nomau da rana, mutane na gani. Kai za ka yi masa gaisuwa, don shi ma an yi masa mutuwa. Ka ce ya shuka gonarsa.

Allah Ya jiƙan Kawu Isiyaku, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Inna Rabi, matarsa, da 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ya Allah, kada Ka bari a zalunci kowa da sunan wannan bawa naKa, wanda bai zalunci kowa ba. Amin.