Baba Jiƙa-Mu-Gani da Rufin Ɗakinsa

Kullum da safe, kafin ya amsa gaisuwar kowa, sai ya tsoma hannu cikin durom ɗin ruwan da ke bakin shagonsa, ya zaro guntun allo, ya lanƙwasa, ya ƙwaƙule gefensa da farce. Allunan rufi yake yi da zaren rama: ya jiƙa zaren a ruwan soda, ya wanke, ya shanya, ya cakuɗa da gam, ya danne a inji. Rama kuwa mayyar ruwa ce. In haɗi bai yi ba, allo ya sha ya kumbura, ya rufto kan mutane. Kowane sabon haɗi, maganarsa ɗaya ce: "A jiƙa mu gani." Sunan da ya bi shi ke nan.

Ni maƙwabciyarsa ce, ungozoma a ƙaramin asibitin unguwa, shi ya sa na san durom bai ishe shi ba. A saman gadonsa yake fara kafa sabon allo, ya bar shi ya ci damina guda kafin ya sayar. Matarsa ta yi mitar har ta gaji. "Ni kam a ɗakin gwaji aka kawo ni aure," in ji ta.

Bana ɗakin masu jegonmu ya fara yoyo, muna tarar ruwa da bokiti kusa da jarirai, tsofaffin allunansa da suka ci damina kuma sun ƙare a shago. Na je na ce, "Baba, don Allah ka ba mu sabbin nan."

Ya ce, "'Yata, ba su gama damina ba."

Wallahi da haushinsa na fito.

Ba a jima ba aka tafka ruwa da rana tsaka yana kishingiɗe. Sabon allon ya jiƙe, ya rufto masa a ƙirji, haƙarƙari ya karye. Da na je dubiya, da ƙyar yake numfashi, amma tambayarsa ta farko: "Ba a kai muku ko ɗaya ba, ko?" Daga kwance ya sa aka ɓalle tsofaffin allunan falonsa aka kafa mana.

Likita ya ce shi da inji sai dai kallo. Hankalina ya ƙi kwanciya, Baba. Kai ne kake sa kanka a ƙarƙashin sabon allo kafin na kowa; wa zai yi mana haka yanzu? Mun gode, Allah ya tashi kafaɗunka. Ku da za ku gaji shagon nan, ku fara kafawa a saman gadonku.

Ga hadari can ya sake haɗowa. Jariranmu na ƙarƙashin rufinsa, falonsa kuma leda ce a sama.