Ƙarfen da Kaka Ya Ba Ruwa

Motar mahaifina ta kife da mu a hanyar dawowa daga kasuwar Ɗambatta. Shi ya rasu a wurin. Ni na bar ƙafar hagu. Ban cika shekara goma ba.

Har yau idan mai shayi ya watsa ruwa a garwashi, na ji wannan "cuu" ɗin, sai in tashi daga wurin. Ƙarar da na ji ke nan a maƙerar Kaka kafin abin ya faru.

Shekarun fari ne. Ka sha jin labarinsu, to abin ya fi yadda ake faɗa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Kaji ma sun daina zagaya gindin rumbu. Inna tana kwaɗa mana tafasa da ɗan garin rogo, ranar da babu kuma sai dusa. Baba ya ga shanun huɗarsa sun fara kwanciya, ya sayar da su tun suna iya tashi, ya sayo wata tsohuwar akori-kura a gwanjo, irin ta shiga daji, mai ja da taya huɗu. Yana ɗauko wa 'yan kasuwa buhuna daga Ɗambatta zuwa ƙauyukan yankin Kunci, su auna masa hatsi. Abin da gidanmu duka yake ci ke nan. Ranar da mota ta fita a ɗora tukunya, ranar da ta kwana a gida mu kwana haka.

A ƙasarmu gona jikin gona take, ba inda mota za ta kauce. Hanya ɗaya ce, burtali tsakanin shinge biyu. Manyan motoci sun riga sun haƙa masa kwari biyu, sun bar doro a tsakiya. Sifirin gaban motar Baba, wato ƙarfen da yake ɗauke da nauyinta a kan taya, ya gaji, da an yi mata lodi sai ƙirjinta ya riƙa gurzar doron. Wata rana dutse ya huda mata kwanon baƙin mai, ta yi kwanaki a ƙofar gida, mu ma muka yi kwanakin muna kallonta.

"Wannan ba mota ka sayo ba, Malam," in ji Inna. "Agwagwa ce. Da ƙirji take tafiya."

Baba bai yi dariya ba. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe. Da ya fito ya ce maganin yana wurin kunnuwa, wato ƙarafan da suke rataye sifirin a jikin mota. Idan aka ƙara musu tsawo, gaba zai ɗago. Ya tambayi bakaniken da yake masa gyara a Ɗambatta, aka ce babu irinsu, sai ko Kano, can ma sai an dace. Shi ne ya kwance ɗaya ya nufi maƙerar Kaka, ina biye da shi.

Kaka maƙeri ne, Baba kuma ɗan farinsa. Ka san yadda mutanen da can suke kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba. Idan Baba ya shigo zaure, sai ya mai da ido wani wuri. Duk garin nan ba wanda bai riƙe fartanyar Kaka ba, amma ko wuƙar yankan farce bai taɓa ƙera wa Baba ba.

Baba ya durƙusa, ya ajiye kunnen a ƙasa, ya yi magana da bango.

"Da za a sami irin wannan guda biyu, a ƙara tsawon yatsa huɗu."

Kaka ya ɗauka ya jujjuya. Sai ya dube ni.

"Kai, mai kan kwakwa, je ka gaya wa mai motar nan ya dawo jibi."

Baba yana durƙushe a gabansa.

Akwai wani ɓallen ƙarfe da Kaka yake ɓoyewa ƙarƙashin gadonsa shekara da shekaru. Masu son gatari sun roƙe shi sun gaji. Shi ya ɗauko. Ya yini yana dukansa da yunwa a cikinsa, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje. Ya fitar da siffa, ya huda ramukan noti, ya gwada da tsohon, daidai. Sannan ya mayar da su wuta har suka yi ja, ya kama da awartaki ya tsoma a ruwa. Cuu. Haka yake yi wa kowane gatari mai daraja. Ya goga zarto a kai, zarto ya zame bai ci ba. Na ga ya yi murmushi.

"Wannan ko giwa ta taka ba zai lanƙwashe ba."

Gaskiya ya faɗa. Bai lanƙwashe ba.

Ranar ɗaurawa aka ɗaga gaban motar da jak, aka rasa abin tokarewa. Inna ta mirgino turminta.

"Ku ɗauka. Me nake dakawa a ciki?"

Da aka sauke ta, mota ta tsaya da hanci sama kamar raƙumi. Mutanen gari suka zagaye ta suna leƙe. Ta shiga burtali da lodi, ta wuce doron nan ko ƙura ba ta shafa ba. Muka ci tuwon masara a kwanakin, tuwo na gaske mai miya. Kaka kuwa da ya ji ƙugin inji daga nesa sai ya fito ƙofar zaure, ya ɗaga kai wai yana duban hadari. Ba hadari a shekarar.

Ran wata kasuwa Inna ta ce, "Tafi da yaron nan, Malam, ko ƙosai ya samu a can." Na samu kuwa. Na ci har na ɓoye biyu a aljihu zan kawo mata.

Bayan la'asar muka juyo, ina zaune kan buhunan masara a baya. Akwai wani gangare inda burtali yake faɗawa busasshen rafi. Tayar gaba ta daki gaɓa. Na ji "ƙas", kamar an taka busasshen kara, ba wata babbar ƙara ba. Gaban hagu ya faɗi, mota ta hau shinge, sama ta koma ƙasa.

Na farka ƙafata tana ƙarƙashin bodi. Ina hango hannun Baba ta taga, ba ya motsi. Buhuna sun fashe, masara ta watsu a yashi. Mutanen gonakin kusa suka sheƙo. Maza kaɗan suka kama motar. Sauran, mata da yara da tsofaffi, suka durƙusa suna tsintar masara. Wata mata tana tsinta dab da kaina, har wadda jinina ya taɓa, tana zubawa a gefen zani, tana cewa, "Sannu yaro, sannu yaro." Ba ta daina tsinta ba. Na daɗe ban yafe mata ba. Yanzu na san abin da ta baro a gida.

A asibiti a Kano aka yanke ƙafar. Kafin in dawo an yi sadakar bakwai.

Ina kwance a zaure bakaniken nan na Ɗambatta ya zo gaisuwa. Ya biya ta wurin motar, ya tsinto guntun kunnen. Bayan an shafa addu'a ya fito da shi. Bakin karayar fari ne tas, kamar gishiri.

"Wai wa ya ba wannan ruwa?"

"Ni ne," in ji Kaka.

"Haba, dattijo! Ai ƙarfen mota ba a ba shi ruwa, ba gatari ba ne. So ake ya zauna da laushinsa, idan ya sha duka ya lanƙwashe, direba ya gani ya tsaya. Wannan ya bushe ne kamar kwalba. Wanda ya..."

Wani ya taɓa masa gwiwa.

Kaka ya miƙa hannu aka ba shi guntun. Ya tashi ya ɗora shi kan uwar maƙera, ya sauke masa masaba sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya tarwatse. Ya tsaya yana kallon ɓaraguzan. Sai ya kira sunan Baba. Da ƙarfi, kamar yana tsakar gida zai amsa. Duk zauren ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa.

Bai ƙara hura wuta ba. Damina ta dawo, manoma suka yi ta sallama da fartanyoyi, ya ce su tafi wani gari. Sandar dogarawata ta farko shi ya sassaƙa mini, ta itace, ko ƙusa bai sa mata ba. Bai ga kakar shekarar ba.

Burtalin nan an zuba masa kwalta. Samari yanzu suna ɗaga motocinsu don ado, su sayo ƙarafan a shago cikin kwali, ba wanda ya san hannun da ya yi su. Wani lokaci su tsaya a wurina, in leƙa ƙarƙashi in duba kunnuwan.

Ina Bacirawa, bakin titi, ina facin taya. Ina da mata da 'ya'ya biyar. Babban, sunan Baba na sa masa, kuma ina kiransa da shi kullum, a gaban kowa.