Ƙusa a Sabuwar Salansa

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can gefen Gwashi a ƙasar Bukkuyum, ya san ƙarar baburin babana tun kafin ya san fuskarsa. Tsohon babur ne ja, ko in ce a da ja ne. Da shi Baba yake cin kasuwannin Gummi da Bukkuyum da Anka, yana sayar wa masu shanu gishiri da kanwa. Inji dai lafiyarsa lau, don Baba ba ya wasa da shi. Duk Juma'a da hantsi zai jawo shi inuwa, ya goge filogi, ya ja sarƙa ya shafa mata mai, ya leƙa baƙin mai. Salansar ce kawai ta gagare shi. Ruwan rafin da yake ƙetarawa da damina ya sa tsatsa ta cinye ta, ta fashe ta ƙasa. Ya naɗe ta da gwangwanin madara da waya, ta sake fashewa. In ya taho, sai ka ce ana dukan garwa.

Kakata kuwa, mahaifiyarsa, ciwon yana ya rufe mata idanu tun ina ƙarami, amma kunnenta, tabɗi! Bayan magariba za ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta tura masara ko gyaɗa cikin rushi, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira maigidanta, kullum tana ƙorafin ban taɓa saya mata ko ɗankwali ba. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta taho, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zo, mun share mata wuri."

Akwai abin da muka lura da shi, ko da yake ba mu san dalilinsa ba. Tatsuniyar Kaka ba ta da tsawo nata na kanta. Wata rana kura za ta faɗa rijiya nan da nan, wata rana kuma sai ta zagaya gari bakwai tukuna. Amma da zarar ƙarar baburin Baba ta taso daga kwarin da ke bayan gari, sai Kaka ta ja tsaki ta ce, "Wanga ƙarfe dai ya hana mutane sakat." Daga nan sai ta naɗe labarin cikin numfashi uku, ta ce, "Ƙurunƙus, ku tashi ku ba ni wuri."

Baba shi ne ɗanta na fari. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tambayar ina ya tafi, ba ta nuna ta damu da shi, kunya ce mai nauyi. Ban taɓa jin Kaka ta ce "ya dawo?" ba. In dole ta kama, sai ta ce "wancan". Shi ma kullum da safe zai durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, shi ke nan. Mu yara har mun ɗauka ba ta son sa.

Wata shekara da kaka, baburin ya jawo rigima. Baba ya biyo ta kusa da rugar maƙwabtanmu Fulani, salansa ta yi wata irin tsawa, shanu suka firgita suka afka gonar dawar wani. Allah ya sa ɓarnar ba yawa, aka sasanta a zaure. Amma dattijon rugar ya ce masa cikin raha, "Ko ka sake wa babur ɗin nan maƙogwaro, ko mu tashi mu bar maka dajin." Baba ya ji kunya ƙwarai. Ranar kasuwar Gummi ya kai babur wajen bakanike, aka kwance tsohuwar salansa aka jefar, aka ɗaura sabuwa fil mai ƙyalli.

Ran nan ya shigo gari shiru kamar mage. Ya jingine babur a zaure, ya wuce masallaci, ya dawo ya shiga ɗaki cin tuwo. Ba wanda ya gaya wa Kaka, don wa zai kai mata zancen wancan? Mu kuma muna can bakin wuta ba mu ji komai ba. Tatsuniya ta yi ta tafiya. Zomo ya je gidan kura, ya dawo, ya sake komawa. Masara ta ƙone a rushi ba ta juya ta ba. Can sai ta katse labarin, ta karkata kai wajen kwari, ta ce, "Maigida, yau ka ji an ce rafi ya kawo ruwa?" Na ce ban ji ba. Ta ce mu tashi mu kwanta. Ba ƙurunƙus, ba komai. Ban taɓa ganin haka ba, sai na ji tsoro ya kama ni ban san na mene ne ba.

Ba a jima ba mahaifiyata ta kai mata ruwa, ta tarar ɗaki wayam, sandarta ma ba ta nan. Gida ya ruɗe. Baba ya fizgi fitila, na bi shi a guje. A bakin kwari muka same ta, gindin tsamiya, taku kaɗan tsakaninta da gangaren da ruwa ya zaizaye. Tana tsaye ta dogara sanda, ta miƙa kunne wajen hanya. Ƙaya ta yage mata ƙafa, jini na bin diddige.

Baba ya ce, "Inna! Mi ya fito da ke?"

Na ga kafaɗunta sun sauka, ta ja wani dogon numfashi. Sannan ta kawar da kai ta ce, "Akuyata nika biɗa."

Akuyar Kaka ɗaya ce tak, kuma tana can ɗaure a turke tana tuƙa. Baba ya miƙa mini fitilar, ya kama bakin sandarta ya jawo ta har gida.

Washegari da yamma bai fita ba. Ya zauna can gefe yana goge filogin da ba abin da ya same shi. Kaka ta hura wuta, ta ɗaga murya fiye da kullum.

Ta ce wai an yi wani gari mai tafki ɗaya a tsakiyar daji, cikinsa akwai wani tsohon kwaɗo mai mummunar murya. Kullum rana ta faɗi sai ya kama kuka, ya hana kowa hira. Mutanen gari suka gaji, suka kama shi suka kai shi nesa suka yar. Aka samu shiru, kowa na murna. Sai rannan duhu ya riski makiyaya a daji, ƙishirwa ta kama shanu, suka nemi tafki suka rasa, suka yi ta zagayawa har gari ya waye. Ashe duk shekarun nan kukan kwaɗon nan suke bi ba su sani ba. Akwai kuma wata tsohuwa a garin, ita ma da shi take gane hanya.

Ƙanwata ta ce, "Kaka, tsohuwar son kwaɗon take?"

Ta ce, "So? Allah shi kiyaye! Wa ka son kwaɗo? Ta dai saba." Ta juya masara ta ƙara da cewa, "Ku ji, ɗiyana, ba duk abin da ya dame ku ba na abin jefarwa."

Da asuba muka ji ƙwanƙwasa a zaure. Baba ne durƙushe da ƙusa da guduma, yana huda sabuwar salansa ta ƙasa. Mahaifiyata ta riƙe baki ta ce, "Malam, sabuwa fa ce!" Ya ce ya sani. Huda ɗaya ya yi, ya buga kik, ya saurara, ya ɗan ƙara mata faɗi. Ƙarar ba ta kai ta kori saniya ba, amma ta isa kunnen da ke jira. Da yamma ta taso daga kwari, siririya, tana karkarwa. Kaka ta ja tsakinta, ta ce ƙarfen nan bai da kunya, ta naɗe tatsuniya. Na ga tana murmushi cikin hasken wuta, ta ɗauka ba mai kallonta.

Salansa biyu Baba ya sake bayan wannan, kowacce sai da ta sha ƙusa. Bayan kwana bakwai da rasuwar Kaka ya koma kasuwa, muka jira ƙara da yamma ba mu ji ba. Sai ga shi ya shigo yana tura babur da hannu. Tun daga kwari ya kashe shi.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar kwaɗo a matsayin darasin haƙuri da abin da ya tsufa. Sai da na girma na gane ba nasiha Kaka take yi mana ba. Roƙo take, roƙon da kunya ta hana ta yi da bakinta, kuma wanda aka yi domin shi ya ji.

Yanzu babur ɗin yana hannuna, ni nake cin kasuwannin, hanyar kuwa kowa ya san yadda ta zama a shekarun nan. Baba ya tsufa, idanunsa sun fara bin na mahaifiyarsa. Ni ne ɗansa na fari, bai taɓa tambayar yaushe zan dawo ba. Watan jiya na sake salansa a Gummi. Da bakanike ya gama ɗaure noti na ce ya ara mini ƙusa, ya dube ni kamar na taɓu, ya ce, "Malam, sabuwa fa ta!" Na ce na sani.

Da na iso gida bayan magariba, na tarar da Baba zaune a ƙofar zaure, rediyo a kashe a cinyarsa, tuwonsa a rufe bai taɓa ba. Bai dube ni ba. Ya ja tsaki ya ce, "Wanga ƙarfe dai ya hana mutane sakat." Sannan ya jawo kwanon ya buɗe.