Kunnen da Ya Rage wa Alidu

Duk wanda ya san layin masu gyara a Sanaiya, unguwar masana'antu ta Doha, ya san Alidu mai lasifika. Ɗan Aboabo ne ta Kumasi, gajere mai faɗin kafaɗa, shekararsa tara a Doha yana aiki a wani kamfanin hayar kayan sauti. Sauran ma'aikata da na'urar awo suke neman ciwon lasifika. Shi kuwa sai ya durƙusa, ya manna kunne a jikinta, ya ce a saki sauti kaɗan. Kafin ka ƙifta ido ya gaya maka ko waya ce ta saki, ko wani abu ne ya tsage a ciki. Kunnen nan shi ne gonarsa, saboda shi kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, yake sabunta masa takardar zama ba gardama.

Sai korona ta zo, aka rufe Sanaiya ba shiga ba fita. Zazzaɓi ya kwantar da Alidu kwana goma sha ɗaya. Ya tashi dai, amma kunnen hagu bai tashi tare da shi ba, ba abin da ke ciki sai wani siririn kuka irin na sauro. Wata nas 'yar Filato mai suna Jael ce ta duba shi, kuma ba ta ɓoye masa ba.

"Malam Alidu, na hagu ya tafi. Na daman ma ya raunana, ƙara ɗaya mai ƙarfi za ta iya ɗauke shi. Ka nemi wani aikin."

"To, 'yar'uwa, na ji," in ji shi.

Ya ji ɗin, amma ina. Mutum mai shekara hamsin ba biyu, wane aiki zai koya? Ba wanda ya gaya wa sai Bawah, abokin ɗakinsa. Ya koyi tsayawa da ɓangaren dama wajen mai magana. Waɗanda suka kira shi ta hagu ya yi banza da su suka ce ya fara girman kai. Ya bar su suka faɗa, don kurma a kamfanin sauti ba abin da ke jiransa sai jirgin komawa gida. Tsoro kuwa yana nan tare da shi kullum, ko ƙofar mota aka buga sai gabansa ya faɗi.

Da gasar kofin duniya ta zo, aka ba kamfaninsu wani dandali a bakin teku. Cikin masu wasa har da wasu tsofaffin makaɗa biyar daga kudancin Amurka, gemu har ƙirji, sun zo gabatar da sabon faifansu. Jita uku suke kaɗawa a lokaci guda, kuma su a wurinsu sauti bai yi ba sai ya girgiza haƙarƙarin mutum. Fomen, shugaban ma'aikatansu, ya raba wa kowa abin toshe kunne. Alidu ya cusa ɗaya a na hagu yadda za a gani, ya bar na dama a buɗe.

Bawah ya ja shi gefe. "Yaya, ka toshe matacce ka bar mai rai?"

"In na toshe shi, da me zan ji fomen?"

Bayan azahar aka fara gwaji. Babban mai jitar ya zo da wani tsohon akwatin sauti tun daga ƙasarsu, yana ji da shi kamar ɗan fari, sai ga akwatin yana ƙarƙara yana ɗaukewa. Injiniyoyi suka auna, suka murɗa ƙarar har ƙarshe, ba su gano komai ba. Nan fomen ya bugi ƙirji ya ce yana da mutumin da ya fi na'ura. Ni dai mai ba ku labarin nan, har yau ina jin haushin wannan yabon.

"Yalla, Alidu, maza," in ji fomen.

Ya durƙusa. Ya fara kai kunnen hagu, wai ko Allah zai sa idonsa ya hango matsalar. Bai hango ba, ga mutum ashirin sun zuba masa ido. Ya daɗe a haka, sannan ya juya ya manna na dama. Nan take ya ji ta, wata 'yar waya ce a baya take taɓawa tana saki. Hannunsa ya riga tunaninsa, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, ya miƙa yatsa ya danna ta. Ba wanda ya tuna ya rage ƙarar, tsohon mai jitar kuma yatsunsa na kan tsirkiya.

Wayar na haɗuwa, ƙarar ta shige masa kunne kamar ƙusa. Da ya miƙe sai ya ga tsohon yana dariya yana dukan kafaɗarsa, fomen na ɗaga masa babban yatsa. Ya yi musu murmushi. Katakon dandalin na rawa ƙarƙashin ƙafarsa, ya ce a ransa ɗan toshewa ne, yanzu zai buɗe. Ya sauka ya zauna yana naɗe waya, yana haɗiyar yawu, yana jira.

Can ya ɗaga kai ya ga ma'aikata sun cire takalma suna jera sahu a kan kwali.

"Bawah, an kira la'asar ne?"

Bawah ya buɗe baki zai amsa, sai ya fasa. Ya ɗaga hannu ya nuna masa lasifikar da aka yi kiran da ita, tana rataye daidai saman kansu.