Barewa Uku a Bayan Gonakin Giza

Duk lokacin da amalanken jaki ya wuce ta ƙarƙashin tagata ɗauke da ɗanyar ciyawar barsim, ƙamshinta sai ya mayar da ni yarinya 'yar shekara takwas, zaune a kan ƙarfen keke. Ban cika son tunawa ba, don gajiyar wannan rana har yau ba ta gama fita daga jikina ba. Amma tunda ta taso, bari in ba ka.

Babana ɗalibi ne a lokacin, muna haya a hawa na huɗu a unguwar Faisal, a Giza ta ƙasar Masar. Ba Faisal ɗin da ka sani yanzu ba. In ka tsaya a barandarmu gidaje kaɗan za ka ƙirga, bayansu sai gonaki har inda ido ya gaji. Kakana, mahaifin babana, an kawo shi daga ƙauyenmu don a duba masa idanu. Maharbi ne, mutumin da ya tsufa a daji, aka ɗauko shi aka ajiye a ɗaki mai taga ɗaya. Wata bakwai ana ɗiga masa magani, ana kai shi Wustul Balad, tsakiyar birni, wurin likita ana dawowa. Shi kuwa gida kawai yake so. Kullum sai ya tambaya ko damina ta kusa a can, babana ya ce ya ƙara haƙuri, ba zai mayar da shi ba sai ido ya warke.

Ni kaɗai nake samun dariyarsa. Uwargida yake kirana, yana mita wai ya auri mace ba ta iya tuwo ba, sai wake da burodi, Hausarta ma Larabci ya cinye. Ni ma ba na raga masa, in ce ba na son miji mai tafiya yana laluben bango.

Mai kawo mana madara ne ya jawo maganar. Ya gaya wa babana cewa can bayan gonakinsu, inda shuka ta ƙare rairayi ya fara, barewa kan sauko da sassafe su sha ruwan da ya malalo daga magudana. Da aka fassara wa Kaka sai ya gyara zama. Ya ce a kai shi. In ya ga barewa da idonsa, to ido ya warke, a sallame shi. Babana ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya gaji ya yarda, ya aro keken mai gadin gidanmu.

Muna idar da sallar asuba muka fita, mu uku a keke ɗaya. Ni a gaba, Kaka a baya ya tattare babbar rigarsa, babana a tsakiya yana nishi. Muka bar kwalta muka bi wata siririyar hanya a gefen magudanar ruwa. Kabeji ta dama, barsim ta hagu, raɓa na jiƙa mini ƙafafu. Muka wuce manoma suna jan baunarsu ta gida, suna bin mu da kallo. Sau biyu sarƙar keken tana zamewa, babana ya sauka ya mayar, hannunsa duk baƙin mai. Ƙarfen nan kuwa ya gallabe ni, har na daina jin cinyoyina.

A gindin dabino na ƙarshe muka sauka. Kaka ya kwance wani ƙulli a bakin rigarsa, ashe toka ce ya ɗebo daga kaskon turaren mahaifiyata. Ya saki kaɗan a iska, ya tambaye ni ina ta nufa. Na ce wajen rairayi. Sai ya juya yana shaƙar iska ta gefen babana.

"Kai, ɗaurin aure ka zata za mu? Da wannan turaren ko jaki ba zai tsaya mana ba."

Babana ya sunkuyar da kai. Farar jallabiya ya saka, ya fesa turarensa na Juma'a, don a ganinsa ba ya fita da mahaifinsa a wulaƙance. Kaka ya ce ya zauna nan da kekensa, kada ya motsa. Ni ya riƙe wa hannu, muka yi doguwar kewaya har iska ta dawo tana bugun fuskarmu, sannan muka kwanta rub da ciki a bayan wata kunya.

Mun daɗe. Rana ta fara cizo, tururuwa na bin wuyana, ni kuma an hana ni ko susa. Har na fara gyangyaɗi sai na ji ya matse mini hannu. Na ɗaga kai, ga su nan, jajaye-jajaye, ƙafafu kamar tsinke, suna shan ruwa suna ɗaga kunne. Na juya in ga murnarsa. Wani kututturen dabino yake kallo, can nesa da su.

"Sun zo, na ji su," ya ce a hankali. "Nawa ne?"

"Uku."

"Ta ina?"

"Ta hagu, Kaka. Kai dama kake kallo."

Ya juyar da kansa hagu. Ya ɗaga hannu sama sosai ya nuna, yadda wanda ke zaune a gindin dabino zai hango. Barewar suka zabura, kafin in ƙifta ido sun shige rairayi. Sai a lokacin na gane ba turare kaɗai ya sa ya bar ɗansa a baya ba. Tsoro ya kama ni, da tausayi, ban san wanne ya fi ba.

Babana ya taho da gudu, ya tattare jallabiya a hannu. "Baba, ka gan su?"

Kaka ya ce uku ne, ta hagu, kuma barewar Masar ba ta kai tamu ƙiba ba. Babana ya dube ni. Na gyaɗa kai. Sai ya tsuguna a kan kunyar nan yana hamdala, hawaye na bin fuskarsa, yana sharewa da hannun da ke da baƙin mai. Muka hau kekenmu muka juyo gida. Tsakar rana muka iso, na kwanta ko abinci ban ci ba.

Kafin damina aka mayar da shi. Ba a jima ba wasiƙa ta zo cewa idon ya rufe gaba ɗaya. Ya ƙara 'yan shekaru a ƙofar gidansa, yana jin ƙamshin ƙasarsa, a can kuma aka rufe shi. Babana har ya bar duniya yana ba baƙi labarin ranar da mahaifinsa ya ga barewa uku a Masar. Ni nake zuba musu shayi, ban taɓa gyara masa ba.

Yanzu hanyar nan babu ita. Inda muka kwanta benaye ne a cunkushe, ƙananan bas na ta hon, ko dabino ɗaya ban gane ba. Ni ma ga shi an fara ɗiga mini magani a ido safe da yamma. Jiya ɗana ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga yatsu, ya ce in faɗa masa nawa ne. Jikata na zaune kusa da ni. Na matse mata hannu.