Kwantaccen Cikin Shafa'atu

Duk wanda ya taɓa cin awara a garin Ƙarfi ya san Shafa'atu. Mace ce kakkaura, mai duhun wuya, ga 'yan gashi a haɓa da take tsigewa idan ciniki ya lafa. Mata kan tsokane ta wai mace mai gemu da arzikinta take tafe. Arzikin me? Ita dai tun tana budurwa al'adarta ba ta da alƙawari, in ta zo yau, sai a yi shuka a yi noma ba a sake ganinta ba.

Ta auri Awaisu, manomin masara da waken suya, ɗa tilo ga tsohuwa Marka. Shekaru suka tura, ko ɓatan wata na kirki babu. Sai wata damina jinin ya ɗauke ƙaf, jiki ya ƙara buɗewa, ga kasala. Marka ta kirawo ungozoma, matar ta lalluba mara ta ce, "Akwai mutum." Don murna Awaisu ya sayo ɗan rago ya ɗaure, wai ya yi ƙiba kafin suna. Kaka ba ta yi ba babur ya kife da shi a hanyar Danja, ko shurawa bai yi ba.

Marka ba ta yi kukan da ake zato ba. Ta ce Allah da Ya karɓa Ya bar mata madadi.

Watannin haihuwa suka cika suka wuce, babu naƙuda. Ungozoma ta dawo ta ce firgita ce ta sa cikin ya kwanta. To, wa zai musa? A ƙasar nan kowace tsohuwa tana da labarin wadda cikinta ya kwanta shekara da shekaru, daga baya ya tashi aka haifi santalelen yaro. Shafa'atu ta zauna gidan surukarta, babu zancen wani aure sai ta sauka. Marka ta hana ta tatar waken awara, tana ɗura mata kunu da sukari da jiƙe-jiƙen tayar da ciki. Kullum da safe sai ta dafa cikin ta ce, "Awaisu ƙarami, barcin nan ya isa haka." Ita ma Shafa'atu, wallahi, wani lokaci takan ji kamar motsi.

Da jiri ya fara kayar da ita, yayarta Fiddausi ta zo ta ce ita fa ba za ta zuba ido ba. Ta tisa ƙeyarta zuwa asibiti a Funtua. Aka ɗebi jini, aka ɗora mata na'urar hoton ciki. Likitar, wata mai suna Zakiyya, ta daɗe tana duba takardun kafin ta ɗago.

"Malama Shafa'atu, ki yi haƙuri. Babu ciki, kuma ban ga alamar an taɓa samu ba."

"Ai kwanciya ya yi, likita."

"Ko barci yake da na gan shi. Ƙwayayen haihuwarki ne ba sa nuna su fito, sai su taru a ma'ajiyarsu ƙanana-ƙanana. Jininki ya nuna sinadarin da ya fi yawa a jikin maza ya hau, shi ya kawo gashin nan. Sukari ma jikinki ba ya sarrafa shi daidai, yana cin ki a hankali kamar tsatsa a fartanya. Ga magani, al'adarki za ta dawo. In kika kiyaye, wata rana kina iya haihuwa."

Wata rana! Da wa? Shafa'atu ta fito tana jin kamar an sake aiko mata da mutuwar mijinta. A mota Fiddausi ta ce, "Ki sha, kin ji? Marka ba za ta ba ki aron rai ba." Shafa'atu ta ƙulle ƙwayoyin maganin a haɓar zani, ta daɗe tana juya su. In ta sha, ta raba tsohuwa da abin da ya rage mata a duniya. In ta ƙi, ita ce za ta ƙare. Ta ji haushin ungozoma, ta ji haushin likita, ta ji haushin ragon nan ma da ya tsufa a turke yana cin dusa a banza. Daga ƙarshe ta sha, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar da abin ya zo, aka kira azahar. Marka ta shimfiɗa musu tabarma kamar kullum, ta miƙo mata buta. Tun rasuwar Awaisu salla ɗaya ba ta taɓa wuce Shafa'atu ba.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, yau ba ni da salla."

Tsohuwa ta tsaya da buta a hannu, ruwa na tsiyaya a ƙafarta. Ta dubi cikin, ta juya ta dubi ragon. Sai ta zube a tsakar gida ta rushe da kukan da ba ta yi ba ranar da aka kawo gawar ɗanta, tana faɗin, "Wayyo Awaisu! Yau ka mutu!"